Fankoki Uku a Ɗakin Takaba

Mijina manomi ne sau biyu. Yana da shagon taki da iri a Funtuwa, kuma ranar da kasuwa ta yi sanyi sai ya hau babur ya tafi gonarsa ta hanyar Maska, ya dawo da taɓo har gwiwa. Ya yi wanka, ya ci abinci, sannan ya ja kujera gaban kwamfuta ya kama wani noman. Wasa ne da ake ba ka fili da tarakta, ka yi huɗa, ka shuka, ka jira, ka girbe. Na sha tsayawa a kansa na riƙe ƙugu in ce, "Kai kam wane irin mutum ne? Mutane suna kunna abin nan su buga ƙwallo ko su yi tseren mota, kai ka gudo daga gona ka faɗa gona." Sai ya yi dariya ya ce ai wannan gonar ba ta da tsutsa, kuma shanu ba sa shiga.

Da hannunsa ya haɗa kwamfutar, yau ya sayo wannan, wani watan ya sayo wancan. Ya jera mata ƙananan fankoki guda biyar masu fitilu kala-kala, ya jona su kai tsaye da wuta, don haka ba su san sassauci ba. Kana danna maɓalli za su ɗauki kuka, kuma ba za su sauke ba sai ka kashe. Ni malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, takardun gwaji nake dubawa a ɗakin, abu yana ta gurnani a bayan kunnena. Mun yi faɗa a kan ƙarar nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Har gobe ban ga laifina ba, ƙarar ta yi yawa.

Ya rasu farkon damina, bayan an gama noman fari. Ciwon ciki ne, bai yi doguwar jinya ba. Allah bai ba mu haihuwa ba, saboda haka tun ranar sadakar bakwai kowa ya san yadda abin zai kasance: in zauna takaba a ɗakina, in na fita a raba gado, in koma gidan mahaifina a Ƙafur. Wan mijina ya karɓi makullin shago, ya ci gaba da duba gonar. Babur aka kai zaure aka rufe da leda. Rigunansa aka bayar sadaka. Ban ce an zalunce ni ba, haka ake yi, kuma sun kyauta mini gwargwadon hali. Amma kafin wata ya zagayo duk abin da hannunsa ya fara, wani hannun ya ɗauka, ni kuwa aka bar ni da tabarma da carbi da masu zuwa gaisuwa.

Wata rana bayan azahar, gida ya yi tsit, na yaye zanen da aka lulluɓe kwamfutar da shi. Niyyata in goge ta kawai. Ban san lokacin da yatsana ya danna maɓallin ba. Batirin sola yana da caji, fankokin suka ɗauka, allo ya haska, na shiga wasan kamar yadda ya taɓa nuna mini. Sai ga gonarsa. Masara ce fili guda, ta bushe ta yi jawur, motar girbi tana tsaye a kusurwa, ya ci layi kaɗan ya ajiye. A wasan nan lokaci ba ya tafiya sai mai shi yana zaune. Rana tana nan daidai inda ya bar ta.

Ina cikin kallo na ji murya ta bango: "Wa ke taɓa masa kaya?"

Hajiya ce, mahaifiyarsa. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinmu da nata. Mace ce da ta yi rayuwarta tana noman gyaɗa a Gozaki kafin 'ya'yanta su dawo da ita gari, ba ta da yawan magana, kuma in ta yi ba ta maimaitawa. Na kashe da sauri, amma ta riga ta ɗaga labule.

"Malama, me nake ji?"

"Gogewa nake yi, Hajiya."

"Da kunnawa ake gogewa?" Ta dubi abin, ta dube ni. "Wannan kayan magada ne yanzu. Kuma mai takaba ba ta wasa. Mata suna shigowa gidan nan safe da yamma, kina so a fita da mu a baki? Na sake jin kukan abin nan, zan sa wansa ya ɗauke shi ya kulle a shago."

Na ce to. Amma wallahi tun tana tsaye na san ba zan bari ba. Ina da taurin kai, kowa ya shaida. Kuma wannan ne kaɗai aikin da ya bari a tsakiya wanda babu wanda ya san da shi. Ba na son a ɗauki akwatin kwamfutar nan a sayar wa wani, ya goge komai, masarar tana tsaye ba a girbe ba. In wani ya ce hankali ne, ban ce ba. Ni dai ina so in gama masa kafin in bar gidan, kuma dole in gama ba tare da bangon nan ya ji ba.

Dabarata ta farko ta mata ce. Mu abin da muke ƙauna rufe shi muke yi, talabijin da mayafinta, firji da nasa. Na ɗauko bargon aurena mai kauri na lulluɓe akwatin ruf, na tura filo ta bayansa. Ƙarar ta ragu kuwa, har na yi wa kaina kirari. Na ci layi biyu ina karkacewa, don ban iya tuƙin motar ba, sai allo ya ɗauke ɗif. Na sa hannu ƙarƙashin bargon na janye babu shiri. Tabɗi! Ƙarfen ya yi zafin da za a iya gasa gurasa. Na zauna a ƙasa ina salati, na ce shi ke nan na kashe kayan mutane. Allah ya taimake ni da ya huce ya tashi, sai dai layukan da na ci sun koma, masarar ta sake tsayawa.

Ta biyu, na koma fakewa da injin niƙan maƙwabta. Yana tashi in kunna, yana mutuwa in kashe. To mai injin ba shi da lokaci, wani zubin ya yi tsawon karatun izu guda, wani zubin kwano ɗaya ne ya niƙa ya kashe. Sau biyu injin yana mutuwa ba zato, fankokin suka rage su kaɗai suna kuka a unguwa, na fizge waya daga bango. Na ga in na ci gaba a haka ko dai a kama ni ko in lalata abin.

Sai na koma karatu. Waya dai ba a hana mai takaba riƙewa ba, kowa ya ɗauka wa'azi nake saurare. Na kalli mutanen ƙasashe iri-iri suna buɗe akwatuna suna bayani, wasu ban ji yarensu ba sai dai in bi hannunsu. A nan na gane abin da ya kamata in gane tun ina aji: ƙaramar fanka sai ta yi gudu sosai kafin ta tura iskar da babba za ta tura tana tafiya a hankali, kuma gudun ne ƙarar. Yawa ba shi ne ba. Na gane akwai masu fulogi mai baki huɗu, waɗanda kwamfuta ke iya ce musu ku rage ko ku ƙara gwargwadon zafi. Na gane wani ɓangare na gurnanin ma ba iska ba ce, rawar fanka ce a jikin ƙarfe, kuma ana maganinta da 'yan turakun roba maimakon sukuru. Na ɗauko tef ɗin ɗinki na auna ramukan akwatin. Gaba zai ɗauki manya biyu masu santimita sha huɗu, baya zai ɗauki ɗaya mai sha biyu. Na yanke ba na son mai fitila ko ɗaya, baƙaƙe nake so.

Saura mai sayowa. Yayana ma'aikacin jinya ne a Malumfashi, duk Juma'a yakan zo duba ni. Na ja shi gefe na ce ina son fankar kwamfuta, kuma kada kowa ya sani. Ya dube ni ya ce, "Ke lafiyarki kuwa?" Na ce ƙalau. Juma'a ta gaba bawan Allah ya shigo yana fara'a, ya zaro mini 'yar fankar caji irin wadda mata ke riƙewa a wurin biki.

"Haba Yaya! Wannan zan cusa a ciki?"

"Ke kika ce fanka. Ni na san wata fanka?"

Ranar na yi dariyar farko tun rasuwar, na toshe baki da mayafi don kada a ji. Na tura masa hotuna, na ce ya nuna wa masu shago a Kaduna ta hannun direban da ya sani, kada ya ƙara ko ya rage. Bayan mako biyu ya kawo su a ƙasan buhu, ya zuba dankali a sama. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ban gane abin da kike yi ba. Amma na ga kin fara cin abinci."

Na cire tsofaffin nan biyar ɗaya bayan ɗaya da sukudireban marigayi, na naɗe su a leda tare da sukurorinsu don in mayar ranar rabo. Zuciyata ta ɗan yi mini tsiya a kan taɓa kayan magada, na ce mata ai ni ma ina cikin magadan. A jikin fikafikansu akwai ƙaiƙayin masarar bara ya dunƙule, da zare-zaren auduga, don garinmu in kaka ta yi babu abin da ba ya shaƙar su. Na tsaya ina kallon dattin nan a tafin hannuna. Tun yana raye ya shiga. Na daɗe kafin in zubar.

Nan kuma na yi wauta ta biyu, da ilimina da komai. Mu a ƙasar zafi, fanka wanda yake jin zafi ake juya wa. Baƙo ya zo, ka juya masa. Mara lafiya, ka juya masa. Ban taɓa ganin wanda ya kunna fanka ya juya ta tana kallon taga ba. Duk da na ji ana cewa ta baya fitarwa take yi, hannuna bai yarda ba, na ce ina amfanin fankar da ta ba mai jin zafi baya? Na ɗaura duka ukun suna hura ciki. Da na kunna, shiru kamar babu kowa, na ji daɗi har na ɗaga hannu sama. Ina shiga gona, aiki ya yi nauyi, sai suka fara ɗagawa. Katin hoto, wanda shi ne ya fi kowa ɗaukar zafi kuma yana da nasa 'yan fankokin, ya kama huci. Kafin in kai ƙarshen layi ƙarar ta kusa ta da. Na kashe, na zauna ina jin haushin kaina da na masu bidiyo da na wanda ya ƙirƙiro kwamfuta.

Masu bidiyon suna cewa a kunna turare a bi hayaƙinsa a ga inda iska take bi. Ni kuwa ina takaba, rabona da turaren wuta tun ranar da aka fita da gawarsa, in ƙamshi ya fita daga ɗakina an samu abin faɗa. Sai na kunna maganin sauro mai hayaƙi, wanda ba mai tambayar dalilinsa da damina. Na riƙe shi a gaba, hayaƙi ya shige. Na riƙe a baya, ya shige. Na leƙa ta gilashin gefe na ga ya taru a tsakiya yana juyawa, ya rasa hanya. Iskar da ta ɗauki zafi tana nan a cikin akwatin, sai dai a ƙara mata wata a kai.

Na daɗe a zaune gaban gilashin nan. Ɗakina ne ya faɗo mini. Watanni ana shigowa, kowa da nasa haƙurin da zai ba ni, kowa da nasa labarin marigayi, da abinci, da addu'a, duk na alheri. Amma ba a taɓa tambayata me ke cikina ba, balle ya samu ƙofar fita. Ba na zargin kowa, ni ma haka nake yi wa wasu in na je gaisuwa.

Na kwance ta baya na juya ta. Ashe ma akwai 'yar kibiya a gefenta da ke nuna inda take hurawa, ban lura ba. Biyu suna shigarwa ta gaba, ɗaya tana fitarwa ta baya, mai shiga ta fi mai fita yawa, don haka ragowar iskar tana turo kanta waje ta ƙananan ramuka maimakon ta jawo ƙaiƙayi ciki. Na yanki gidan sauro tsoho na manna a gaban manyan. Na tattare wayoyin da suka tare hanya na ɗaure su da zaren ɗinki. Na shiga shafin saituna da ke fitowa kafin kwamfuta ta gama tashi, na ce wa fankokin su tafi a hankali sai in zafi ya kai wani mataki. Sannan na matsar da akwatin daga jikin bangon Hajiya, na ɗora shi a kan dardumar roba. Da na sake kunna maganin sauron, hayaƙin ya shiga ta gaba, ya ratsa, ya fita ta baya a miƙe. Na kara kunnena a ƙarfen kafin in ji wani ɗan numfashi.

Daga nan kullum bayan azahar ina girbi. Na kashe sautin wasan gaba ɗaya. A hankali hannuna ya faɗa, na daina cin kwana a inda ba kwana, na koyi juye hatsi a tirela in kai rumbu. Ban gaggauta ba. Gaskiya ma ja nake yi, layi biyar yau, uku gobe, don na san abin da ke bayan layin ƙarshe. A waje kuma damina ta ja baya, aka fara shigo da masarar gonarsa ta gaske a buhuna ana jibgewa a tsakar gida. Kwanakin fitata suka matso.

Abin da ban lissafa ba, ni malamar lissafi, shi ne shirun da kansa. Da can ƙarar ce ke gaya wa mutane akwai mai ido biyu a ɗakin. Yanzu duk wanda ya wuce ya ɗauka barci nake. Wata Laraba, saura 'yan layuka, ina tsakiyar juya mota sai na ji numfashin mutum a bayana. Hajiya ce, ba takalmi, ba sallama. A hannunta akwai hularsa, wadda take rataye a ƙusa bayan ƙofa. Daga baya na fahimci ta saba shigowa a irin wannan lokacin in ta tabbata na yi barci, ta ɗan riƙe hular ta mayar. Ranar kowa ya kama kowa.

Na ce yau za a ɗauke akwatin, ga shi saura kaɗan.

Ba ni take kallo ba, allon take kallo. Ta matso ta ƙanƙance ido.

"Masara ce wannan?"

"Masara ce, Hajiya."

"Ta wa?"

"Tasa ce. Ya fara girbi bai gama ba."

"Shi ya shuka?"

"Shi ya shuka."

Ta kai yatsa kusa da gilashin ba ta taɓa ba, ta bi layukan da shi. "Ya cika ta da yawa," in ji ta. "Haka yake yi tun yana yaro, ba ya ba shuka wuri." Ta jawo kujerar tsuguno ta zauna a gefena, hular tana cinyarta. "In an sayar da abin, wanda ya saya zai ga gonar?"

Na ce a'a, gogewa za a yi.

"To me kike jira? Ja motar."

Na ja. Na karkace na bar wasu karare a tsaye, ta ce, "Ke, kin bar na gefe, koma." Na koma. Muna cikin haka aka yi sallama a tsakar gida, wata maƙwabciya ce ta zo gaishe ni. Hajiya ta tashi ta leƙa ta labule ta ce, "Tana wani aiki, ki dawo da la'asar." Ta saki labulen ta dawo ta zauna.

Layin ƙarshe gajere ne, yana bin gefen wata 'yar hanya. Motar ta cinye shi, na juye hatsin a tirela, na kai rumbu na zuba. Na dawo da kallon kan filin. Babu komai sai guntayen kara, daga wannan gefe har wancan. Ɗakin shiru, har ina jin kaji suna tono a bayan taga.

Hajiya ta sauke ajiyar zuciya irin ta wanda ya ga an ɗinke buhun ƙarshe. Ta shafa fuska da hannu biyu, bakinta ya faɗi abin da ya saba faɗa duk ƙarshen kaka tun tana budurwa.

"Alhamdulillahi. Allah ya maimaita mana."

Ta ji abin da ta faɗa. Hannuwanta suka tsaya a haɓarta. Muka zauna muna kallon filin, ita da hular, ni da hannuna a kan maɓallan, babu wadda ta ce amin.